Ƙafar mai jego ta kumbura: a gasa ko a tafi asibiti?

Tambaya: Kwana goma ke nan da aka yi wa maiɗakina tiyatar haihuwa. Tun shekaranjiya sha-raɓarta ta hagu ta kumbura, ga zafi, da ƙyar take takawa. Iyaye sun ce a gasa da ruwan zafi a yi tausa. Ina mafita?
Wani mai karatu, Zariya

Amsa: Malam, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ka ba iyaye haƙuri, a bar gashi da tausar nan, ka kai ta asibiti yau. Ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi a cikin jego, abin da muke fara tsoro shi ne jini ya daskare a babbar jijiyar da ke can cikin tsoka. Ciki yana sa jini saurin daskarewa, tiyata da yawan kwanciya su ƙara, kuma haɗarin ya fi tsanani a makonni 6 na farko bayan haihuwa. Gudan jinin yana iya ɓallewa ya bi jijiya ya toshe huhu, shi ya sa muke hana tausa. In numfashinta ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji ya soke ta, ko ta yi tarin jini, kada a jira gari ya waye.

A asibiti za a ɗauki hoton jijiyar da na'urar Doppler. In ya tabbata, allurar tsinka jini ake farawa da ita, irin su enoxaparin, gwargwadon nauyinta. Idan likita ya mayar da ita kan ƙwayar warfarin, ana haɗa su da allurar aƙalla kwana 5, har gwajin INR, mai auna yadda jini ya tsinke, ya tsaya tsakanin 2 da 3. Duka biyun ba sa hana shayarwa.

Inda aka fi samun matsala shi ne da kumburi ya saɓe sai a ajiye magani, alhali wata 3 ne mafi ƙaranci. Kada ta sha ibuprofen, diclofenac ko asfirin a kai, suna jawo zubar jini. Zogale da alayyahu suna rage ƙarfin warfarin. Ba a hana ta cin su ba, amma kada yau ta ci da yawa gobe ta daina. Baƙin bayan gida ko jinin biƙi da ya ƙaru, a koma wurin likita nan take.