Tambayi Likitan Dabbobi: Karen gadina ya kasa tashi da safe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina da kare Alsheshan da ke gadin gonar kajina a Tumfure, shekararsa 9. Tun da hunturu ya shigo, in ya kwanta da ƙyar yake tashi, ƙafafun baya na rawa, sai rana ta ɗaga yake ɗan warwarewa. Na ba shi diklofenak ɗin da nake sha na ciwon baya har kwana uku, kuma ya ji sauƙi. Amma wani abokina ya ce maganin asibiti kashe ƙoda yake yi, gara in saya masa gulukosamin, ƙwayar nan da ake sayarwa don ƙarfafa gaɓɓai, ko in riƙa barbaɗa masa kurkum a abinci. Wanne zan bi? Daga wani mai kiwon kaji, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam. Alhaji, tun kafin mu je ga kurkum, diklofenak ɗin nan ka bar wa bayanka. Shi da ibufrofen duk suna iya huda cikin kare, su kuma taɓa ƙoda. Bara aka kawo mini wani karen farauta daga wajen Dukku, dasashinsa fari fat kamar takarda, kashinsa baƙi wuluk kamar kwalta. Mai shi ya yi masa irin naka na mako guda, da kyakkyawar niyya. Ka duba kashin karenka yau. In ka ga baƙi, ko amai, ko ya ƙi abinci, kada ka jira gobe.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da amosanin gaɓɓai. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ke cinyewa, kuma Alsheshan ya yi ƙaurin suna da matsalar kwatangwalo. Sai dai a nan yankin ba na yanke hukunci sai na duba jini, domin cutar da kaska ke sawa ita ma takan kawo ɗingishi da kasala, maganinta kuwa daban ne.

Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Magungunan rage raɗaɗi da aka yi don karnuka, irin su karfrofen da meloksikam, suna iya wahalar da ƙoda da hanta, musamman ga tsohon kare ko wanda bai samun isasshen ruwa. Amma su ne ke aiki cikin ’yan kwanaki, kuma ana sarrafa haɗarinsu: a gwada jini kafin a fara, a bayar bayan ya ci abinci, a auna da nauyinsa. Meloksikam, alal misali, miligiram 0.1 ne kan kowane kilo a rana. Kare mai kilo 35 miligiram 3.5 ke nan, alhali ƙaramar ƙwayar mutane da ke kemis 7.5 ce. Ka ga inda ake yin ɓarna. Kuma sai an bar ’yan kwanaki diklofenak ya fita daga jikinsa kafin a fara. Kada wani mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ya haɗa maka maganin raɗaɗin da dekzametason ko firednisolon, wato magungunan kumburi da ake kira sitiroid. Haɗin nan shi ne gajeriyar hanyar gyambon ciki.

Gulukosamin kuwa, ba ya cutarwa, sai dai ya cuci aljihu. Da aka gwada shi a kan karnuka, amfanin da aka gani kaɗan ne, wani lokacin ma babu. Kurkum hanji ba ya tsotsarsa sosai, yawancinsa wucewa yake yi. Wanda na yarda a kashe wa kuɗi shi ne man kifi mai omega-3, don yana rage kumburin gaɓa da gaske, amma sai an yi haƙurin wata ɗaya zuwa biyu. Ba man hantar kifi da ake ba yara ba, wannan bitamin A da D sun yi masa yawa. Ka duba lambar NAFDAC a jikin kwalbar. In kuɗi sun yi wuya, dafaffen kifin titus sau biyu ko uku a mako, ba gishiri, an cire ƙaya. Tafarnuwa da albasa kuma, duk wanda ya ce maka magani ne, kada ka saurare shi, jinin kare suke lalatawa.

To, ni a wurina ba zaɓi ba ne tsakanin biyu. Maganin asibiti ya kashe wutar yanzu, man kifi ya biyo baya, wataƙila nan gaba mu rage ƙwayar.

Saura abin da ba ka tambaya ba. Karen gonar kaji na san abincinsa: kayan ciki, fata, da guntun tuwon ma'aikata. Ɗora tafin hannunka a gefensa. In sai ka danna kafin ka ji haƙarƙari, ƙiba ta yi masa yawa, kuma rage ta kaɗai kan sauƙaƙa ɗingishi. Ka ɗauke shi daga kan siminti, a shimfiɗa masa tsohuwar katifa a inda iskar hunturu ba ta bugawa. A riƙa zagayawa da shi a hankali, minti 15 safe da yamma, ban da tsalle. In za ka kawo shi asibiti, ka taho da kwalin diklofenak ɗin, ina son ganin miligiram nawa ya sha.