Daji ko gona: wanne zan zana?

Ƙanwata, kin tambaya ko ki riƙa zana daji da duwatsu yadda Allah ya halicce su, ko gonaki da ƙauyukan da hannun mutum ya taɓa. Ni dai zuciyata na wajen gona.

A karkararmu, yawancin abin da muke ɗauka daji ne aikin kakanni ne. Gawon da ke tsaye tsakiyar gona manomi ne ya ƙyale shi da gangan, domin da damina yake kaɗe ganye, gero ya samu rana, da rani kuma ya yi kore shar, awaki su ci 'ya'yansa. Ki zauna gindinsa da kaka, da hantsi. Ki dubi kunyoyi sun miƙe, dammunan gero a jingine, ga rumbu da jinkarsa ta ɗan karkace. Wallahi wannan kaɗai zai cinye miki fenti.

Ko mutanen da can da suka yi zane a duwatsun Birnin Kudu, shanu suka fi zanawa, wato dukiyarsu. Haka wajen Kura da Kadawa, inda ruwan dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, ke bi ta magudanai: shinkafa kore, gefe kuma ƙasa ta bushe ƙamas.

In kuwa dajin kike marmari, ki je fadamar Baturiya ta wajen Haɗeja da hunturu, lokacin da tsuntsaye ke zuwa daga Turai. Ki yi sammako, kafin hazo ya rufe ruwan.