Amsa: Me ya sa suke barin tukunya ta yi bori a bikin Pongal?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da Tamilawan kudancin Indiya ke murna idan tukunya ta tumbatsa. Ai sunan bikin ke nan: Pongal na nufin tafasa har a zube. A tsakiyar Janairu, 14 ko 15 ga wata, sukan dafa sabuwar shinkafa da madara da mazarƙwaila cikin tukunyar ƙasa a tsakar gida. Da ta yi bori sai a kaure da shewa, alamar yalwa ce a wurinsu, godiya suke yi wa rana bisa aƙidarsu. Ranar da ta fi burge ni ita ce washegari: a wanke shanun noma, a shafa wa ƙahoninsu fenti, a rataya musu furanni.