Rakoda a wuyan riga tun safe har dare

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayar da wake da gero a babbar kasuwar Maraɗi, kuma cinikin baki yana yawan shige mini. Ina so in sa ƙaramar rakoda ta riƙa ɗauka wuni guda. Wane katin ajiya (memori) zan saya, kuma me ke ɓata aikin? Daga mai karatu a Sabon Gari.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Zancen kati mai sauƙi ne. In ka saita ta kan tsarin ajiye sauti na MP3, a ma'aunin inganci na 64 kbps, awa guda tana cin kusan mega 29, awa 16 ba ta cika rabin giga ba. Katin giga 32 zai kai ka wata biyu. Ka bar tsarin WAV, domin mai ingancin faifan CD ya kan ci sama da mega 600 a awa.

Wurin maƙalawa ne ke kayar da mutane. In ka jefa ta aljihun shadda mai sitaci, gugar yadi kawai za ka ji. Maƙala makirfon a waje, bakin wuyan riga, kamar taƙi guda daga bakinka, ka rufe shi da ɗan soso saboda iska da ƙurar hunturu. Kan kabu-kabu kuwa ko soson ba ya hana iska cinye magana.

Akwai saitin da ke sa ta tashi sai ta ji murya. Kashe shi: yana yanke farkon magana, kuma hayaniyar kasuwa ba za ta bar shi ya huta ba. In na'urar na iya raba ɗauka, sa ta raba kowane minti 30, don in batir ya mutu tana tsakar aiki, fayil ɗin da ba a rufe ba yakan lalace. Kada ka bar ta a rana lokacin bazara, zafi yana kumbura batir.

Wa zai zauna sauraren awa 16? Daidaita agogonta, kuma da an gama ciniki ka rubuta lokacin a littafi. Bashi kuwa a rubuta shi dai.

Sannan ka sanar da abokin ciniki cewa tana ɗauka. Zama amana ne, kuma tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, wadda ta tanadi hukumar HAPDP don kula da ita. In ka shiga gida ko masallaci, kashe ta.