Tambaya da Amsa: An yi wa wayata dekode amma ta ƙi mizajur

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ina gajiya, ya aiki. Dan Allah yayana ne da ke ci-rani a Amurka ya aiko mini Samsung Galaxy S9, da ta zo ta ƙi karɓar pus ɗina sai da na kai ta kasuwa aka yi mata dekode, yanzu kira lafiya lau koneksiyon ma haka. To amma tana kan Android 9, ta abokina kuwa irinta sak da ya saya hannun wani da ya dawo daga Abijan tana kan 10, kuma ko sau nawa na danna mizajur sai ta ce wai babu sabo. Mai gyara ya ce in kawo jikka 5 ya yi mata filashi ta hau har 13. In ba shi?
Abdul-Aziz, daga Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna, don 13 ɗin nan da ya ce maka babu shi a wannan wayar. S9 ta fito a 2018 da Android 8, Samsung ya kai ta 9, ya kai ta 10, nan ya tsaya, kuma tun 2022 ya cire ta cikin wayoyin da yake aika wa gyaran tsaro a kai a kai. Akwai masu sa wa waya wani Android na gefe wanda ba na kamfani ba, gaskiya ne, amma S9 da aka yi don kasuwar Amurka ba ta yarda da wannan, a rufe aka ƙera ta. Iyakar abin da za ka samu 10 ne, irin na abokinka.

Yanzu me ya sa tashi ta samu taka ba ta samu ba alhali sunansu ɗaya? Mutane da yawa na ɗauka mizajur daga Google yake saukowa kai tsaye cikin waya, ba haka ba ne. Google ya fitar da sabon Android, sai kamfanin da ya ƙera wayar ya ɗauka ya gyara shi daidai da kowace waya tashi, to in wayar wani kamfanin layi ne ya saida ta da sunanshi, kamar yadda aka saba a Amurka inda mutum ke karɓar waya yana biya kaɗan kaɗan duk wata, sai shi ma kamfanin layin ya karɓa ya gwada ya zuba nashi tarkacen aplikasiyon sannan ya sake shi lokacin da ya ga dama. Wasu daga cikin kamfanonin nan kuma ba sa tura mizajur sai wayar tana da pus ɗinsu a ciki tana kan rezo ɗinsu. Kai kana Tawa da pus ɗin Airtel ko Moov ko Zamani, wayar ta tambaya can ba a amsa mata ba, sai ta ce maka babu sabo. Dekode da aka yi maka pus kaɗai ya buɗe wa hanya, lojisiyel ɗin da ke ciki har yanzu na kamfanin layin can ne, shi ya sa wataƙila kana ganin tambarinsu duk lokacin da ka kunna ta.

Shiga Paramètres, ka sauka can ƙasa wurin À propos du téléphone ka duba lambar model. In ka ga SM-G960U ta kamfanin layin Amurka ce, in U1 ce ta Amurka ce amma wadda ba ta kowane layi ba, ta abokinka kuwa ina kyautata zaton SM-G960F ce, wadda aka saida a Turai da Afirka. Harafin nan na ƙarshe kar ka raina shi, don cikinsu ma ba ɗaya ba ne, ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da ta Amurka Snapdragon ce, ta F kuwa Exynos. Mai gyaran da bai san aikinshi ba in ya ce zai ɗora maka lojisiyel ɗin F a kan U, a mafi sauƙi filashin ya ƙi shiga, in an yi rashin sa'a ka koma gida da waya da ba ta wuce tambari.

Abin da zan ce ka fara yi ba ya cin ko dala. Samu mai kwamfuta ya sauke Smart Switch, na Samsung ne da kanshi kuma kyauta ne, ka jona wayar da kabul, wani lokaci takan ga mizajur ta nan ko da ta ƙi ganinshi ita kaɗai. In wannan ya ƙi, sai filashi, amma ka tsaya kanshi ka ga fayil ɗin da zai sa na G960U ne ko U1, waɗannan biyun suna hawa kan juna. Kuma kafin ya taɓa ta kwashe hotunanka da lambobinka, ka tabbata ka san adireshin Gmail da ke ciki da kalmar sirrinshi. Wannan na ƙarshe ina jaddada shi don ya fi komi jefa mutane cikin wahala, tun daga Android 5.1 waya in aka goge ta takan nemi tsohon kont ɗin Google kafin ta buɗe, kuma in na yayanka ne a ciki to kira shi yau ya cire ko ya ba ka.

Ni in ka tambaye ni, in duk abin da kake amfani da shi yana tafiya a kan 9, bambancinshi da 10 bai kai ka saka wayar cikin haɗari hannun wanda ya fara yi maka alkawarin 13 ba. Nemi wani.

TAMBAYA: Malam ni sana'ar turare da atamfa nake yi kuma duk cinikina ta WhatsApp ne. IPhone 6 gare ni, tun bara ya daina buɗewa yana cewa in sabunta, na shiga wurin sabuntawa babu komi. Yanzu da wayar ɗiyata nake lallaɓawa. Wani yaro ya ce zai iya gyarawa.
Hajiya Rabi, unguwar Yantala, Yamai

AMSA: Hajiya Allah ya sa wa kasuwa albarka. Gaskiyar da ba daɗi ita ce ba zai iya ba, kuma ba laifin rezo ba ne, ba kulle ba ne. IPhone 6 ta 2014 ce, Apple ya tsayar da lojisiyel ɗinta a iOS 12, shi kuma WhatsApp tun 2025 ba ya aiki sai a iOS 15.1 zuwa sama, don haka 5s da 6 da 6 Plus duk sun fita tare. Wayar lafiyarta ƙalau, tana kira tana ɗaukar hoto, abin da ciwo a ce a aje ta, amma ba wanda zai maida mata WhatsApp na gaskiya.

In za ki canza kar ki yarda a tura miki 6s ko 7 da sunan araha, suna aiki yau amma iOS 15 ne ƙarshensu, wato su ne a bakin layi. 8 da X sun tsaya a 16. In kuɗin bai kai na sama da waɗannan ba wallahi sabuwar Android mai matsakaicin kuɗi ta fi miki kwanciyar hankali a kan tsohuwar iPhone. Lambarki tana nan, kina sa WhatsApp a sabuwar waya gurup ɗinki za su dawo, tsofaffin hirarraki ne kawai sai in an taɓa aje su a iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet, kuma wannan ajiyar a iPhone kaɗai take saukowa. Hotunan kaya da ke cikin wayar a kwashe miki su a kwamfuta kafin ki ba wani ita. In Android kika saya aka ce a sa miki GB WhatsApp ki ce a'a, ba na gaskiya ba ne, kuma masu WhatsApp suna rufe lambar mutum a kanshi, ke kuma lambar nan ita ce shagonki.

TAMBAYA: Na sayi iPhone 11 okaziyon, da na buɗe wurin pus na ga wani ɗan siririn abu manne ƙarƙashinshi. Mai shagon ya ce kar in yi mizajur. Me ke nan?
Isufu, Wadata, Yamai

AMSA: Isufu wayar nan a kulle take, ba a yi mata dekode na gaskiya ba. Ɗan abin nan yaudarar wayar yake yi ta ɗauka pus ɗin kamfanin da ya saida ta ne a ciki, shi ya sa mizajur ko goge waya ko canza pus kan iya sa rezo ya ɓace. Shiga Réglages, Général, Informations, ka nemi Verrouillage de l'opérateur, in ba ka ga Aucune restriction SIM ba to magana ta tabbata. Kullen iPhone a wurin Apple yake rubuce kuma kamfanin layin da ya saida ta ne ke ba da izinin cire shi, galibi sai an gama biyan kuɗinta. In ba a faɗa maka haka ba lokacin ciniki kuma kuɗin buɗaɗɗiya ka biya, koma da ita.

Gaba in za ka saya sa naka pus ɗin nan gaban mai shagon ka yi kira, ka danna *#06# ka gwada lambar shaidar wayar, wato IMEI mai lamba 15, da wadda ke cikin Réglages, sannan ka tabbata babu iCloud ɗin wani a ciki, don wannan kullen ya fi na layi muni, ba mai cire shi sai mai kont ɗin ko Apple da takardar saye. Ka kuma tambayi ƙasar da ta fito, Kanada ta hana saida waya a kulle tun Disamba 2017, Ingila tun Disamba 2021, a Amurka kuwa har yanzu ana yi. Kuma daga iPhone 14 zuwa sama waɗanda aka yi don Amurka ba su da ramin pus gaba ɗaya, eSIM kaɗai, wato pus ɗin da ba kati ba ne, saukar da shi ake yi cikin waya, to sai ka fara zuwa ajans ɗin layinka ka tambaya ko suna ba da shi kafin ka fidda kuɗi.