Wa ya fara kai inji baya? Amsoshin tambayoyinku kan rigimar ƙirƙira a tseren dirag

Tambaya: Salamu alaikum Malam, dan Allah a raba mu gardama da wani abokina. Ni na san Don Garlits, shahararren direban nan na Amurka, shi ne ya ƙirƙiro motar dirag mai inji a bayan direba, shi kuma ya dage wai kwaikwaya kawai ya yi, suna ne ya fi sauran. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya a kan maganar wa ya fara, amma kalmar "kawai" ɗin nan da ya saka ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Ga wanda bai san wasan ba, tseren dirag tsere ne na motoci biyu a miƙaƙƙiyar hanya, asalinsa kwatan mil wato mita 402, kuma a Amurka ya girma, inda Wally Parks ya kafa hukumar NHRA mai shirya gasar a 1951. Tun tsakiyar shekarun 1950 motocin da suka fi gudu fasalinsu ɗaya ne, inji a gaba, direba can baya har ya wuce tayoyin baya, ƙafafunsa a gefen giya. Mickey Thompson ake yawan dangantawa da wannan fasali. Yana sa nauyi ya danne tayoyin baya su kama ƙasa da kyau, amma kaga duk abin da ya fashe, inji ne ko kuloci ko giya, fuskar direba da ƙafarsa zai fara samu, ga mai ga wuta.

Ranar 8 ga Maris 1970 a filin Lions da ke kusa da Long Beach, Kalifoniya, giyar motar Garlits mai suna Swamp Rat 13 ta tarwatse daidai wajen tashi, motar ta rabe gida biyu, ya rasa wani sashe na ƙafarsa ta dama. Bayan ya warke sai ya fito da Swamp Rat 14 mai inji a baya, ya ci gasar Winternationals a Pomona a farkon 1971, kuma cikin kamar shekara biyu tsohon fasalin ya kusa ɓacewa gaba ɗaya daga ajin Top Fuel, wato ajin dogayen motocin dirag mafiya ƙarfi. Wannan shi ne labarin da kowa ya haddace, kuma babu ƙarya a ciki.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne motoci masu inji a baya sun daɗe ana gwada su. Tun shekarun 1950 akwai Speed Sport ta mutanen Tucson, a shekarun 1960 Tony Nancy ya tuƙa tasa mai suna Wedge, sannan Woody Gilmore da Pat Foster suka ƙera wata a 1969 wadda ta yi mummunan hatsari da Foster a ciki, ya ji ciwo sosai. Ba su haƙura ba, Gilmore ya sake ƙera wata mai suna Pawnbroker, Dwane Ong ya ci babbar gasar AHRA, wata ƙungiyar shirya tseren dirag daban da NHRA, da ita a watan Agusta 1970, wato watanni kafin motar Garlits ta ci komai. To ta ina za a ce shi ya fara?

Matsalar da ta dinga kayar da mutane ita ce sitiyari. Direban da ya saba zama a baya yana jin motar da jikinsa ta wata siga, da aka dawo da shi gaba kuma aka bar masa sitiyari mai saurin juyawa irin na da, taɓawa kaɗan sai motar ta kwace, ya yi ƙoƙarin dawo da ita ta ƙara kwacewa. Ita ma motar Garlits haka ta dinga yi a gwajin farko har sai da aka rage saurin sitiyarin. Kuma ba shi kaɗai ba ne a garejin, akwai Connie Swingle da T.C. Lemons, Swingle ne ma ake yawan ambata a maganar gyaran sitiyarin, sannan har yau akwai masu cewa ɓangaren Gilmore da Foster ne suka riga gano maganin, labari ya isa garejin Garlits.

Ra'ayina, Garlits ya cancanci babban kaso, domin mutum ne da ya riga ya yi suna, ya ɗora sunan nasa a kan fasalin da mutane suke yi wa dariya suna cewa ba ya tafiya a miƙe, ya ci gasa a kai a kai har sauran suka ga ba su da zaɓi, kuma direbobi da yawa sun tsira da fuskarsu da ƙafafunsu saboda wannan sauyi. Amma abin yana min ciwo in ga an rubuta tarihin babu Foster, mutumin da jikinsa ya biya kuɗin darasin, babu Swingle da ya yi yanka da walda. Direba ne yake fita a hoto da kofi, shi ya sa sunansa yake haɗiye na kowa. Ka ce wa abokinka ba shi ya fara ba, amma shi da mutanensa ne suka sa kowa ya bi.

Tambaya: Malam ni makanike ne, abin da ban gane ba, in mutum ya ƙirƙiro abu me zai hana ya yi masa rajista a hukuma kowa ya biya shi kafin ya yi amfani da shi? Kuma in makanike ne ya yi tunanin amma a garejin maigida, na waye?

Amsa: Maigida sannu da aiki, tambayarka biyu ce a haɗe. A dokar Amurka takardar mallakar ƙirƙira tana kare mutum shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata, amma da sharaɗi, dole ka bayyana yadda abin yake aiki dalla-dalla kowa ya karanta, dole abin ya zama sabo, kuma in ka riga ka nuna shi a bainar jama'a shekara ɗaya kawai gare ka ka shigar. To duba motar inji a baya, wa zai iya cewa sabuwa ce a 1971 bayan duk waɗanda na lissafa a sama? Sannan fitowar takardar kan ɗauki shekaru, ga kuɗin lauya, alhali a wannan wasa abin da ya ba ka nasara bana baɗi kowa yana da irinsa ko wanda ya fi shi. Kamfanonin da suke ƙera kayan sayarwa su rajista tana yi musu amfani, amma ƙungiyar tsere abin da take so ta riga kowa na 'yan watanni ne.

Ga kuma wani abu, a gasar NHRA ɗan kallo da tikitinsa yana shiga har inda ake kwance inji ana ɗaurawa, ya tsaya yana kallo, abokin hamayya ma haka. Abin da ido yake gani ba ya ɓoyuwa. Shi ya sa sirrin gaske yake inda ido ba ya kaiwa, yadda aka saita kuloci ya dinga kamawa daki-daki, yawan man da ake turawa a kowane ɗan lokaci, da bayanan da kwamfuta ta tara. Wannan kuma a kan shugaban makanikai yake, ranar da ya canza gida da shi zai tafi, kuma nan ne yawancin ɓacin rai yake tasowa.

Maganar na waye, a Amurka sunan wanda ya yi tunanin ne dole a rubuta a matsayin mai ƙirƙira, amma mallaka daban ce, yawanci takardar ɗaukar aiki tana cewa abin da ka ƙirƙiro a bakin aiki na kamfani ne. Kenan kana iya samun suna babu kuɗi, wani lokacin ma sunan a takarda kawai zai tsaya. Misalin da ya yi kyau shi ne Dale Armstrong, shugaban makanikan direba Kenny Bernstein. Ranar 20 ga Maris 1992 a Gainesville ta jihar Fulorida Bernstein ya zama na farko da ya haura mil 300 a awa, ya yi 301.70, aka sa masa laƙabin sarkin gudu, amma masu bin wasan sun san aikin Armstrong ne a kan kuloci da na'urar naɗar bayanai ya kai su can, kuma an ba shi haƙƙinsa na yabo. Da yawa ba su samu haka ba.

Kar ka manta da hukuma ma. A 1987 Bernstein da Armstrong sun fito da bodin Buick da aka ja shi aka lanƙwasa har mutane suka sa masa suna Batmobile, sauran ƙungiyoyi suka yi ta ƙorafi, daga baya NHRA ta tsaurara dokar bodi. Ko kana da takarda, in an hana abin a fili ba shi da kasuwa.

Tambaya: Shin gaskiya ne har a kan kayan kare rai ana rigima?

Amsa: Ana yi 'yar'uwa. A 2012 ƙungiyar Don Schumacher ta kawo murfin da yake rufe direban Top Fuel ruf, suka ce don kariya ne, wasu suka ce a'a iska ce za ta fi zamewa a kai motar ta ƙara gudu, sai da NHRA ta yi gwaje-gwaje kafin ta amince direbansu Tony Schumacher ya fara tsere da shi. Kuma ko shi ba sabo fil ba ne, Swamp Rat 30 ta Garlits ta 1986 tana da rufaffen wurin zama, motar da ta fara haura mil 270 a awa, wadda aka kai gidan tarihi na Smithsonian a 1987.

Ni a wannan ɓangaren ba na goyon bayan ɓoye komai. Mota mai ƙarfin doki wajen 11,000 da take cinye ƙafa 1,000 cikin ƙasa da daƙiƙa 4 ba wurin rowar dabara ba ne, ita kanta tazarar ƙafa 1,000 ɗin an koma mata ne a 2008 bayan rasuwar direba Scott Kalitta a hatsarin tsere. Lokacin da direba Eric Medlen ya rasu a 2007 sakamakon hatsari a wajen gwaji, ƙungiyar John Force da yake tuƙa wa mota ta zuba kuɗi a binciken yadda za a kare kan direba da ƙarfafa ƙashin mota, kuma sauye-sauyen da suka biyo baya sun shiga motocin abokan hamayyarsu ma. A yi ta ɓoye saitin kuloci, babu laifi, amma abin da zai hana wuta ko ƙarfe isa ga direba hukuma ta gwada shi da wuri, ta sa a sayar wa duk ƙungiyar da take so, a kuma rubuta sunan wanda ya zana shi.