Muryar da aka turo a guruf: ɗanyen mai ya sauka, me ya hana fetur da garin goge dutse sauka?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Alhaji na ji tambayarka, ka ce an ce farashin ɗanyen mai ya sauka a kasuwar duniya amma a gidan mai ba ka ga wani sauƙi ba, kuma garin da muke goge duwatsun ado da shi ma sai hawa yake, ko 'yan kasuwa ne ke cutarmu. Toh, akwai masu haɗama kam, ba na musu, amma kaya biyun nan da ka haɗa ba hanya ɗaya suke bi ba.

Fetur dai mafi yawan kuɗinsa ɗanyen mai ne. Ganga ɗaya lita 159 ce, kuma da dala ake sayar da ita, ko matatar Dangote da ke Lekki da ta fara fitar da fetur a Satumbar 2024, ko da an ba ta ɗanyen a naira, lissafin da farashin duniya ake yinsa. Saboda haka abu biyu za ka duba, nawa ganga take sannan nawa dala take. Idan ganga ta sauka da kashi goma naira kuma ta faɗi da kashi goma, ranka ya daɗe an koma gidan jiya, ba abin da za ka gani a famfo. Ku tuna fa, ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita ta tashi daga wajen naira 185 zuwa sama da 500 a nan arewa cikin 'yan kwanaki, alhali ganga ba ta yi wani tsalle ba a makon nan. Sai kuma a watan Yuni aka saki naira, dala da take wajen 460 a farashin gwamnati ta zo ta haura 1,500 a farkon 2024. Wannan shi ya fi cin mu, ya fi hawa da saukar ganga nesa ba kusa ba. Sannan ga kuɗin daffo, ga tanka da za ta taso daga Legas har Jos ko Kano tana shan dizal, shi ya sa namu yakan fi na Legas tsada.

Amma duk da haka fetur yana jin motsin kasuwa da wuri, don kaya ne da ke ƙarewa cikin kwanaki a sake sarowa. Hawa dai nan take, sauka kuma sai mai gidan mai ya sayar da wanda ya saro da tsada tukuna, kuma ba ya gaggawa in dai na kusa da shi bai rage ba.

Yanzu garin goga. Baƙin garin nan da muke fara cin dutse da shi, mai lamba 60, 220 har 600 (lambar na hawa garin na ƙara laushi), silikon kabayid ne, wasu na ce masa kaborandom. Da me ake yinsa? Yashi mai kyau da wani baƙin gawayi da ke saura a matata bayan an tace mai, a zuba su a tanderun lantarki a gasa da zafin da ya wuce digiri 2,000. Ka ga akwai dangantaka da mai kenan, amma ta nesa ce, abin da ya fi cin kuɗi a wajen masu yin shi wutar lantarki ce, kuma mafi yawansa daga Chaina yake fitowa. Kafin ya iso hannunka an niƙa, an tankaɗe lamba-lamba, an zuba a buhu, an biya kwantena, an biya kuɗin fito, wanda shi ma kwastan da canjin dala suke lissafa shi, a 2024 ma sai da aka yi ta sauya musu farashin canjin kamar me. Sai dila a Legas ya ɗora nasa, mai kawowa Jos ya ɗora, mai auna maka a leda shi ma ya ɗora. To yashi da gawayin nan nawa ne a cikin kuɗin kilo ɗaya da ka biya? Kaɗan ne wallahi. Ko ganga ta faɗi warwas ba lallai ka ji a jikinka ba.

Farin garin ƙarshe kuma, alminiyom oksayid, daga boksayit yake, wani ma'adini da ƙasar Gini ke haƙowa da yawa. Garin gogan da ya taɓa nuna halinsa wajen tsada shi ne seriyom, mai ruwan hoda-hodan nan da ke fito da ƙyallin amatis, dutsen ado mai ruwan shunayya, da sauran danginsa da ake kira kwaz. A 2010 Chaina ta rage yawan irin waɗannan ma'adinai da take bari a fitar waje, kafin tsakiyar 2011 farashin ya ninka ninkin ba ninki, daga baya ya rufto. A irin wannan kam ɗanyen kayan ne da kansa ya ja farashi, saboda a lokacin kusan Chaina kaɗai ce ke riƙe da shi.

Wani abu da mutane ke jin haushinsa, mai shago ya saro buhu tun dala na ƙasa amma yana sayarwa da farashin yau. Ni ban ga laifinsa sosai ba, in ya sayar a tsohon farashi ba zai iya mayar da buhun ba. Inda nake ganin laifi shi ne in dala ta sauka ya ce ai tsohon kaya ne da tsada ya saro. Ba za ka ci ta nan ka ci ta can ba.

Mu kuma mai yana cizonmu ta wata hanyar, injin da ke juya duwatsu tare da garin yana goge su, a kowane mataki na gogar kusan mako yake yi yana aiki dare da rana, in ba wuta sai janareta. Alhaji ka zauna ka lissafa na fetur da na gari a zubi ɗaya, ina kyautata zaton fetur ɗin zai fi. Shawarata, masu buƙatar 220 da 600 mu haɗa kuɗi mu sayi buhu sukutum mu raba, awon leda ne ke kashe mu. Duk mai so ya rubuta kilo nawa yake buƙata kafin Juma'a.